Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Warin ne ya fara tarbar Sufeto tun daga matakala, safiyar Litinin. Shekararsa ashirin da biyu a aikin ɗan sanda, ya sha ciro gawa daga kwata, amma sai da ya toshe hanci da hankici kafin ya shiga ɗakin binciken kimiyyar.

Farfesa, shugabar ɗakin, tana tsaye a gaban wani bokiti. Ƙananan kwalaben roba ne a ciki, suna iyo cikin ruwan bilic da ya koma kamar ruwan wankin nama.

"Mene ne wannan?" in ji Sufeto.

"Tsokar masu ciwon daji ce, mutum sittin da uku. Da hannunsu suka sa hannu suka ba mu, yawancinsu sun rasu. Shekara goma sha ɗaya ina tarawa a firjin can."

"Ta yi miki amfanin me?"

"Ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo, Sufeto. Wani ya ce 'ku yaɗu', wani ya ce 'ku tsaya'. Da haka jariri ke samun yatsu biyar, ba tara ba. A ciwon daji, saƙon 'ku tsaya' ne ba ya isa. Inda yake maƙalewa nake nema."

Sufeto ya tsuguna. An buɗe kowace kwalba, an jera murafensu a tire, sahu sahu. A jikin bokitin an manna farin tef, an rubuta kwanan watan jiya Lahadi, da "minti talatin".

Ɓarawo mai ladabi ke nan, ya raya a ransa.

Dokta, mataimakin Farfesa, ya shigo yana ƙamshin turare.

"Tun Juma'a rabona da nan," ya ce. "Ban da mu biyu, Iya mai shara ce kaɗai ke da makulli. Ka san irinsu, yallaɓai. Komai suka gani, shara ce."

Sufeto ya waiwaya. Idonsa na kan wata wasiƙa a allon sanarwa.

"Wane kwamiti ne zai zo ranar Alhamis?"

Farfesa ce ta amsa. "Bara Dokta ya wallafa cewa ya samo sinadarin da ke dawo da saƙon 'ku tsaya'. Za su maimaita gwajin ne a kan tsokar nan."

"Yanzu kuma babu tsokar."

"Babu."

An kira Iya. Ta shigo da tsumman goge ƙasa a hannu.

"Iya, kin iya rubutu?"

"Ko sunana ban iya ba, ɗana."

"An ce ke kika kwashe kayan firji."

Ta dubi Dokta, ta daɗe tana dubansa.

"Ni? 'Yata tana ciki. Lamba goma sha bakwai. Da za ta rasu ta ce a ba su, ko wata za ta tsira. Kullum sai na gaishe ta kafin in fara shara."

Sufeto ya koma wurin bokitin. Ya sa aka kawo littafin aikin kowa, ya ɓare tef ɗin, ya ajiye kusa da su.

"Farfesa tana fara rubuta rana, sannan wata. Kai kaɗai kake farawa da shekara, Dokta. Ga kuma bakwai ɗinka mai ɗamara. Ka zo ɓarna, amma hannunka ya ƙi mantuwa da ƙa'idar aiki: a jiƙa minti talatin, a rubuta kwanan wata."

Dokta ya nemi kujera. Gumi ya wanke turaren.

"Sinadarin bai yi aiki ba," ya ce a hankali. "Hoton sakamako ɗaya ne na jujjuya, ya zama uku. Da sun gwada, na kaɗe." Sai ya ɗago kai. "Amma ai sun riga sun mutu, Sufeto. Nama ne kawai."

Sufeto ya tsani mutane da yawa a wannan aiki, amma bai taɓa jin ƙyamar taɓa hannun wani kamar yau ba. Ya miƙa wa sajen da ke tare da shi ankwa.

"Kai, sa masa. Ni ba zan iya ba."

Da aka fita da shi, Iya ta durƙusa gaban bokitin, ta tsoma hannu tana ɗago kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, wacce ce goma sha bakwai?"

Farfesa ta duba, ta sake dubawa. Bilic ya cinye lambobin duka.

Iya ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa.

"To, in kun gama da su, ku ba ni gaba ɗaya. Kowacce da uwarta."