Wayar Tanimu Mai Bakin Zinariya

Ranar da abin ya fara, rana ta riga ta faɗa bayan gidajen unguwar Bobiel, ladanin masallacin unguwar yana gyaran murya. Tanimu na tsugune bayan kabad a falonsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana gyara zaman wata wayar na'urar kiɗa. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon ɗakin. Ya ɗaga kai ya saurara. Na biyu ya biyo baya a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri.

Tanimu mutumin Damagaram ne, ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati a Yamai. Tun rasuwar matarsa Zeinabu abu biyu suka rage masa: ƴarsa Iklima, mai koyon aikin jinya, da na'urarsa ta jin kiɗa. Kullum bayan la'asar su biyu sukan zauna su ji wani tsohon kiɗan gurmi da marigayiya ke so, daga farko har ƙarshe, ba mai cewa komai.

Maƙwabcinsa Boubacar ne ya lalata wannan zaman, ko da yake bai sani ba. Ɗan Boubacar ya aiko wa mahaifinsa daga Faransa wayar da ke haɗa akwatin intanet da na'urar kiɗa, mai kauri kamar igiyar guga, bakinta na zinariya. Ya kira Tanimu ya zo ya ji.

"Saurara da kyau, Alhaji," in ji Boubacar, ya lumshe ido. "Da wannan kablun har yatsan mai gurmin kana ji a kan tsirkiya."

Tanimu ya ce masha Allah, ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Ko ya ji yatsan ko bai ji ba, shi kansa bai sani ba. Abin da ya sani shi ne Boubacar, wanda bai iya bambanta gurmi da garaya ba, yau shi ke koya masa saurare. Hassada ta kama shi sosai. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sa wani mai shago a kasuwar Wadata ya kawo masa wadda ta fi ta Boubacar kauri, ita ma bakinta na zinariya.

Iklima ta yi magana sau ɗaya. "Baba, mai gyaran na'urori a wurin aikinmu ya ce saƙon da ke bin kablu ko ya iso ko bai iso ba. Waya ba ta ƙara masa daɗi."

"Kunnen mai gyara daban, nawa daban," in ji shi.

Daga nan waƙar ba ta sake kai ƙarshe ba a gidan. Yakan sa farkonta, daidai inda mawaƙin ya ja numfashi zai shiga baiti na biyu sai ya yanke, ya murɗa nan, ya matsa can, ya mayar da ita farko. Sau ashirin, sau talatin a yini. Iklima ta daina zuwa falo. Shi kuwa ko kujerarta da ke zaune babu kowa bai lura da ita ba, kunnensa na kan katangar Boubacar.

Tun daga waccan ranar ta farko jifan ya ci gaba, kullum da magariba, dutse uku ko huɗu, kuma ba a ga kowa a waje. A rana ta biyar aka ɗauke wuta. Gidan ya yi tsit, fanka ta tsaya, sauro ma kamar ya yi shiru. Cikin wannan shirun sai lasifikokin da babu wuta a jikinsu suka ja numfashi, suka shiga baiti na biyu. Tanimu ya fita tsakar gida ba takalmi.

A rana ta bakwai Iklima ta faɗi a bakin ƙofar falo da tire a hannunta. Da aka ɗaga ta idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa, kuma tana rera waƙar da muryar tsoho namiji.

Boubacar ne ya ɗauki mota ya tafi unguwar Banifandou ya zo da Malam Abdoulkarim, wanda aka sani da karatun cire aljanu. Malam ya yi alwala, ya sa turare a kasko, ya zauna kusa da kanta yana karatu da murya ƙasa-ƙasa. An daɗe. Sai jikinta ya sandare, muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. A kusurwar falon nan nake tun kafin a yi masa rufi. Ban taɓa ko cokalinsu ba. Kiɗan la'asar nake ji tare da su, shi ke nan. Wata biyu ke nan mutumin nan yana yanka mini waƙa a wuri ɗaya. Ita ce kaɗai ta riƙe sauran a zuciyarta, shi ya sa na shiga in ji."

Malam ya ce wannan zalunci ne, kuma zai fita ko yana so ko ba ya so. Muryar ta nemi a yanka mata baƙin zakara, Malam ya ƙi. Ta nemi a bar ta kwana uku, ya ƙi, ya ɗaga muryar karatu.

"To, a sa mini waƙar ta kai ƙarshe sau ɗaya, in fita ba dawowa. Amma mai gidan ya duba bayan kabad tukuna."

Tanimu ya ja kabad. Tsohuwar wayarsa ce a jone, siririya, shuɗiya, wadda ta zo tare da akwatin intanet.

"Yau kwana shida da na canza ta," in ji muryar. "Mai zinariyar tana cikin buhun gero. Jiya ma ka ce wa mai shagon bakin titi sautinka ya fi na kowa a Bobiel. Ni ina jin tafiyar tururuwa a bango, kuma na saurari duka biyun. Ɗaya suke."

Kunya ta rufe Tanimu. Amma ciwon da ke ransa ya fi kunyar ƙarfi, domin ga ƴarsa kwance a tabarma, ga Malam, ga Boubacar a tsaye, sai kawai aka ji ya ce, "To ta Boubacar fa?"

Malam ya juyo ya dube shi.

"Ita ma ɗaya ce," in ji muryar. "Amma kiɗan gidansa ya fi naka daɗi, don shi yana barin waƙa ta ƙare. Bishiyar da ke bayan katangarsa zan koma. Ba zan taɓa kowa ba."

Aka sa waƙar. Mawaƙin ya ja numfashi, hannun Tanimu ya motsa da kansa zuwa ga maɓallin, ya riƙe shi da ɗayan. Baiti na biyu ya wuce, na uku ya wuce, har inda Zeinabu takan ɗaga yatsa ta ce a saurari nan. Da tsirkiya ta yi shiru Iklima ta yi atishawa sau uku, ta dubi mutanen da ke kanta, ta nemi ruwa.

Ba a sake jifa ba. Iklima ta warke, ta koma kujerarta, kuma yanzu waƙa na kai ƙarshe a gidan ta siririyar wayar nan shuɗiya. Sai dai duk la'asar, kafin ya zauna, Tanimu yakan buɗe tagar da ke kallon bishiyar bayan katangar Boubacar, ya ɗan ƙara sauti, ya tsaya yana duban rassanta. Har yau ko ganye ɗaya bai motsa masa ba.