Daron Karnukan Ɗan Azumi

Ranar Juma'a da la'asar aka kawo Jaye buron jandarma na Gazawa, ɗaure da igiyar guga a kan amalanke. Mutanen Gangara ne suka kawo shi, kuma da alama sun fara yanke masa hukunci tun a hanya, don idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe.

Daminar 1984 ta ƙi, ga bazara ta shigo da yunwarta. An turo Insifekta Hayatu daga Maraɗi ne don ya sa ido kan buhunan hatsin agaji, ba don ƙananan ƙararraki ba. Ya tambayi abin da aka sace. Aka ce daro ne cike da abincin karnuka, an kuma kashe kare ɗaya, duk a lokacin da maza ke masallacin Juma'a.

Saura kaɗan ya yi dariya. Jaye makiyayi ne da shanunsa suka ƙare ƙaf, kuma karen da aka kashe, a da nasa ne. Wannan kaɗai ce hujjar mutanen. Jaye ya rantse cewa tun da ya ba da karen bai sake taka gidan mai karnukan ba. Insifekta ya sa aka kulle shi don taron ya watse, ya rubuta takardar cewa kamiyon Talata zai wuce da shi gidan kaso a Maraɗi. Lalaci ne ya rubuta takardar nan, kuma shi ma ya san haka.

Ranar Lahadi da hantsi wani dogon dattijo ya shigo buro da daro a ka, ya sauke shi a kan tebur. Ɗan Azumi ke nan, mai karnukan. Ya yi shekaru yana horar da karnukan gadi a wani kamfanin Turawa can arewa. Lokacin da fari ya kori makiyaya kudu suka bar karnukansu suna yawo, hukuma ta ce a harbe su, sai shi ya bi ya tattaro goma sha huɗu. Yana koya musu gadin lambunan rani, masu lambu suna ba shi dusa da ƙasusuwa. Mutanen gari kuwa suna cewa ya taɓu.

"A ina ka same shi?" in ji Insifekta.

"Bakin ƙofata, da sahe. An kife shi, an ɗora mashi dutse."

"Ka tabbata naka ne?"

"Nawa ne, amma ban taɓa ganin shi haka ba. Tun da rijiya ta ja baya ban wanke shi ba, su ke lashe abinsu."

Insifekta ya shafa cikin daron. Fes yake, ga sawun gugar ƙasa ko'ina. Jaye kuwa kwanansa biyu a kulle. Kunya ta kama Insifekta har ya kasa duban ƙofar ɗakin tsaron. Amma ya san mutanen Gangara, za su ce matar Jaye ce ta mayar da shi. In bai kawo musu ɓarawo na gaske ba, sakin Jaye daidai yake da miƙa musu shi su ƙarasa.

Suka shiga mota sai Gangara.

Gidan karnukan yana bayan gari, an kewaye shi da ƙaya. Ɗan Azumi ya yi fito sau ɗaya, duk suka zauna. Ya bayyana cewa ba ya koya musu cizo. Kare zai kama gefen rigar mutum ne ya riƙe har mai lambu ya iso. Duna, wanda aka kashe, ya fi duka iya wannan, kuma da sanda aka fasa masa kai.

Insifekta ya tambaye shi ko Jaye yana zuwa. Ɗan Azumi ya ce sam. Insifekta ya nuna wata ƙaramar ƙwarya mai zanen Fulani da ke rataye a jikin bukka, ya tambaya ko karnukan ne ke sha da ita.

Sai dattijon ya faɗi gaskiya. Kullum da safe Jaye na zuwa, shi kuma yana ɗebar masa daga tukunya kafin ya juye wa karnuka, Jaye ya kai wa iyalinsa. Ya roƙi kada a faɗa, don Jaye ya gwammace kaso da a ji abin da 'ya'yansa ke ci.

Ke nan Jaye ba shi da dalilin satar abin da ake ba shi kyauta, balle ya kashe karen da ya raina da hannunsa. Abin da ya tsaya wa Insifekta a rai shi ne wankin. Wane ɓarawo ne zai ɓata ruwa a shekara irin wannan don ya wanke abin da zai mayar?

Ya nufi rijiya. Gwaggo Tala ce ke tsare da layi, tsohuwa mai bakin da ko maigari ke shakka. Tulu ɗaya kowane gida, haka dokar take. Ya tambaye ta ko akwai wanda ya nemi ƙari ranar Asabar.

"Kowa na nema, ɗana, kowa ina kora tai. Mutum guda na ba."

"Wa?"

"Malam Sale. Da kanshi ya zo da tulu. Ka taɓa ganin na'ibin liman a layin mata? Kunya ta hana ni tambayar dalili."

A hanya Insifekta ya ji sauran labarin daga bakin ladan. Kakannin Malam Sale daga Tibiri suka zo, kuma a yunwar baya gidansu ne ya ciyar da rabin unguwa. Bana ko sau ɗaya ba a ga ɗan gidansa a layin agaji ba, yana cewa rumbunansa na nan cike. Ranar Juma'a kuma ba a gan shi a sahun gaba ba. Ladan ya faɗi wannan ne da kyar, kamar ana zare masa haƙori.

Malam Sale ya tarbe su a zaure, ya shimfiɗa wa Insifekta buzunsa, ya ba da haƙurin cewa uwargidansa Mairama ba ta kammala girki ba. Babu hayaƙi a gidan, babu ƙarar turmi. Mutum ne mai tsabta, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya ce zazzaɓi ne ya hana shi Juma'a.

Insifekta ya lura da gefen babbar rigarsa ta fita, wadda ke rataye a ƙusa. An yi mata sabon ɗinki mai tsawon taƙi, ɗinkin wanda bai saba riƙe allura ba, karkatacce.

Ya nemi izinin ganin rumbunan. Malam ya ce an liƙe su da laka, ba a buɗewa sai shuka. Insifekta ya ce ba sai an buɗe ba. Ya je ya ƙwanƙwasa na farko, ya yi amo kamar ganga. Haka na biyu. Bai taɓa na uku ba, don ya ji kamar tsirara yake yi wa dattijon.

Suka dawo zaure. Insifekta ya sa jandarman da ke tare da shi ya shigo da daron, sannan ya ce masa ya jira a waje.

"Malam, tambaya ɗaya gare ni, kuma ta ilimi ce. In kare ya lashi mazubi, sau nawa ake wankewa?"

"Bakwai. Guda da ƙasa."

"Ka cika bakwai ɗin?"

Malam Sale ya dubi daron.

"Na cika," ya ce.

Daga nan maganar ta zubo da kanta. Ranar Juma'ar nan kwana uku ke nan gidansa ba a ɗora tukunya ba, jikarsa ta daina kuka ma. Ya san ranar Juma'a ba kowa a bayan gari. Ya tarar karnukan sun riga sun fara ci, ya kore su ya sungumi daron, sai baƙin karen ya kama masa riga ya ƙi saki. Ya ji an sallame salla, tsoron a same shi a haka ya sa ya ɗaga sanda. A gida ya juye cikin tukunya, ya ce wa iyalinsa wani tsohon almajirinsa ne ya aiko da fate. Daron kuwa ya ɓoye, ya wanke, ya mayar, don a ganinsa yunwa ta halatta masa abincin amma ba ta halatta masa daro ba.

"Jaye fa?" in ji Insifekta. "Kana ina aka ɗaure shi?"

"Ina tsaye. Har aka tambaye ni, na ce Allah shi ne masani." Ya rufe fuska da hannun riga. "Wannan ta fi karen ci mani rai."

Insifekta bai tsawata masa ba. Da wane baki, shi da ya rubuta takardar Talata? Ya leƙa ya ce wa jandarman ya kira buro a rediyon mota, a buɗe wa Jaye yanzu, a ba shi ruwa da abinci.

Malam ya miƙe ya gyara rawani. Roƙo ɗaya ya yi. A rubuta ya kashe kare, a rubuta ya yi sata, a rubuta ya bar marar laifi a kulle, duk ya yarda. Amma kada Mairama da yaran su ji abin da suka ci. Insifekta ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, ya kuma bar ankwarsa a aljihu.

Sun kai bakin zaure ke nan sai murya ta fito daga bayan zana, a hankali. Ashe Mairama tana tsaye a wurin tun shigowarsu.

"Malam."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Mun sani tun ran nan. Akwai gashin kare a ciki, ni na tsince shi kahin in zuba ma yara. Mun ci ne muka yi shiru don kada ka ji kunya."

Malam Sale ya dafa bango. Insifekta Hayatu ya kawar da kai, ya jira har dattijon ya iya ɗaga ƙafa, sannan ya riƙe masa hannu suka taka zuwa mota.