Tsumman Taga

Da sanyi ya shigo, wani kafinta maƙwabcin su Yaya ya soma hura murhun itace safe da yamma. Guntayen katako yake ƙonawa, wasu har da fenti a jiki. Bututun hayaƙinsa gajere ne, kuma yana daidai tagar ɗakin yara.

Hayaƙin bai dami Yaya ba. Ƙaninta Auta ne ƙirjinsa ba ya so. Da ya shaƙa sai tari, sai numfashi da ƙyar.

Mama ta cusa tsumma a kafar taga. Ta mayar da Auta gadon Yaya, wanda ke nesa da taga. Ga sabon bargo, ga ruwan zuma mai ɗumi kullum.

Kishi ya cika Yaya fal. Gadonta ne fa!

"Mama, ni ba za a ba ni zumar ba?"

"Ke lafiyarki ƙalau, ki gode wa Allah," in ji Mama. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Yaya ta zumɓura baki. "Wato mai tari kawai ake so a gidan nan," ta ce a ranta. "To, ni ma zan yi tarin."

Da yamma hayaƙi ya taso. Auta yana barci. Yaya ta zare tsumman, ta kafa hanci a kafar tana shaƙa. Idonta ya yi jajur, amma tari ya ƙi zuwa. Haushi ya kama ta, ta fice wasa, ta bar tsumman a ƙasa.

Da ta dawo, ɗakin ya turnuƙe. Mama ta rungume Auta, Baba yana fesa masa magani a baki. Ƙirjin yaron yana ƙara kamar usur.

Sai da numfashinsa ya daidaita Baba ya ce, "Wa ya cire tsumman nan?"

Yaya ta fashe da kuka. "Ni ce, Baba. So nake in yi tari, Mama ta kula da ni."

Mama ta jawo ta jikinta.

"Haba, 'yar fari! Da kika yi zazzaɓi kina ƙarama, mako biyu ban sauke ki daga bayana ba. Yanzu Auta ne ba lafiya, shi ya sa. Amma ni ma na yi laifi da na bar ki gefe."

Washegari Baba ya kama hannun Yaya, suka je wurin kafinta. Ita da bakinta ta gaya masa halin da Auta yake ciki.

"Subhanallahi! Wallahi ban sani ba," in ji kafinta.

A ranar ya ƙara wa bututun tsawo, ya daina ƙona katako mai fenti. Kafin mako ya zagayo, Auta yana tsere da Yaya a tsakar gida.

Daga nan Yaya ta gane cewa kula da marar lafiya ba ya nufin an daina son mai lafiya. In kishi ya dame ka, faɗa wa iyayenka, kada ka bari ya sa ka cutar da ɗan'uwanka.