Makullin Motar Ƙanƙara

A wajen walimar sallamar Dattijo Orest Boyko ne Wade ya fara ganin 'yarsa Larissa, yana tsaye riƙe da wuƙar yanka kek. Tun kafin a haife ta mahaifinta ke tuƙa motar da ke goge ƙanƙarar filin wasan hoki na garinsu a lardin Saskatchewan. Yau an ce ya je ya huta, an miƙa wa Wade makulli.

"Kai ne magajin?" ta ce tana murmushi. "To yanko mini babba, gumin babana zan ci."

Ya yanka ya miƙa mata. Ba kyanta kaɗai ya kaɗa shi ba. Shi ne fa ya je ya raɗa wa manajan filin cewa tsohon ya goga motar a jikin katanga, wai ido ya gaji. Magana ɗaya tak, aka sallami mutum. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ita kuwa soyayya ina ruwanta? Kafin sanyi ya wuce, wayoyinsu ba sa hutawa.

"Sarkin sanyi, ka ci abinci?"

"Ina zan iya, Zumata, ban ji muryarki ba?"

Sai wata rana ta rubuto: "Baba ya yini yana neman aiki shago-shago. Ko'ina sai a kalli furfurarsa a ce za a kira shi. Ga shi can ya zuba wa taga ido. Wanda ya kai ƙararsa dai, shi da Allah."

Wade ya karanta, ya ajiye wayar. Kunya ta kama shi, ya ji ya tsani kansa.

Ran Lahadi ya tarar da Orest yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, Larissa na tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, auren Larissa na zo nema. Amma sai ka fara jin wannan: ni na kai ka wajen manaja."

Tsohon ya jingina da shebur, ya dube shi.

"Ba ƙarya ka yi ba, yaro, na bugi katangar. Tabarau nake buƙata, ba zaman gida ba. Amma ni da na koya maka tuƙin nan, ka kasa zuwa ka gaya mini ido da ido? Ba zan ba ka 'yata ba."

Larissa ta rufe ƙofa a hankali. Da ma ta buga ta da ƙarfi, da ya fi masa sauƙi. Ya rubuta mata: "Na cancanci shirunki." Ba amsa.

Ranar taron majalisar gari Wade ya miƙe.

"A dawo da Dattijo Orest, a raba aikin biyu, safiya tasa, yamma tawa. Rabin garin nan furfura ne. In duk wanda ya manyanta za mu tura gida, wa zai saura?"

"Albashin ma a raba?" in ji manaja.

"A raba."

Wata tsohuwa ta kwashe da dariya. "Yaron nan ko zazzaɓi ko soyayya!"

Aka amince. Da yamma wayar Wade ta yi ƙara, saƙon Larissa ne: "Baba ya sayi tabarau, ya koma kamar mujiya. Ban gama fushi ba, amma ka zo cin abinci."

Da bazara, bayan tsohon ya huce ya amince, aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin. Orest ya rako 'yarsa har gaba, ya sa hannunta cikin na Wade, amma bai saki ba.

"Ran da ka ga laifinta, ita za ka gaya wa, ɗana. Ba ni ba, ba maƙwabta ba."

"Na yi alkawari, Baba," in ji Wade, hawaye na zuba.

Sannan tsohon ya saki. "To, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare."