Rabin Sunan Baba

"Ka shiga kabarin Babana ko ba ka shiga ba?"

Da wannan Sheriti ta tari saurayinta Panakht, ko sannu da hanya babu. Ranar ya sauka daga jirgin ruwan da ya taso daga birnin Waset, inda kabarin yake, shi da sauran masu sassaƙa da Fir'auna ya aika su kankare sunan tsohon abin bautarsu Amun daga jikin kowane dutse, tunda yanzu Aten, wato rana, kaɗai ake bauta wa. Marigayi mahaifinta kuwa sunansa Amunmose.

"Sheri, hasken idona, bari in sha ruwa..."

"Ruwa ba ya gudu. Ka shiga?"

"Na shiga."

Mahaifiyarta da ke niƙan sha'ir a gefe ta dakata.

"Shugaban aiki na tsaye a kaina, Sheri! Rabi kawai na cire, na bar sauran..."

"Rabi! Sannu da ƙoƙari. Mamaci mai rabin suna, wa zai kira shi ya ci gurasa? Wa zai buɗe masa ƙofa a can?"

Ya kwance wani ƙullin ƙyalle daga ƙugunsa. Ɓarɓashin dutsen da ya kankare ne, wasu har da shuɗin fenti a jiki. Ya ce kaf ya tsince su, bai bar ko ɗaya a ƙasa ba. Yaron dai yana son ta, wannan ba a musu. Ɗakin da zai kai ta ma ya gama shi, har agwagi ya zana mata a bango.

Tsohuwar ta karɓi ƙullin ta rungume.

"Na ji," in ji Sheriti. "Abu ɗaya nake so. Kira sunansa cikakke, nan tsakar gida, da ranar nan. Ka kira, gobe in kwashi kayana in tare a gidanka."

Panakht ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya dubi katangar maƙwabta, wadda ko tari ka yi sai sun ji. A nan birnin Akhetaten an sha tura mutum fasa dutse a kan abin da bai kai wannan ba.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"...Mose," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Sheriti ta zare shuɗin zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan dutsen niƙa. Hawaye na zuba, amma muryarta ƙalau.

"Inna, ba wa baƙon nan ruwa. Ya sha hanya."