Abin da ke Cikin Jarkar Sammani

Ranar da Ni'ima ta kai ɗoɗɗoya Kasuwar Sabon Gari, wani saurayi ya zari ganye ɗaya daga kwandonta, ya juya bayansa yana dubawa.

"Malam, saye za ka yi ko bincike?"

"Dubi yadda ya nannaɗe ya yi rawaya. Cutar bairos ce, ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗa ta. Sunana Sammani, aikin gona na karanta."

Ta galla masa harara, amma dai da lambar wayarta ya tafi.

Lambun na'ana'a da ɗoɗɗoya na bayan gidansu a Kwaciri shi ke ciyar da su, ga shi yana mutuwa. Sammani ya soma zuwa da jarka, yana yayyafa wani koren ruwa mai wari, yana tumbuke shukar da ta kamu. Malam Abdulƙahhar, mahaifinta, yana ta kallonsa ta wutsiyar ido.

"Yaro yana yayyafa ruwa a gidana yana motsa baki, ke kuma kin koma murmushi ke kaɗai! Sunansa ma Sammani. Wallahi sammu ne. Kada ya ƙara tako ƙofar nan."

Ni'ima kuwa tun yayyafin farko ta kasa cire shi a ranta. Anya? Ta tura masa saƙo:

"Tsakaninka da Allah, me ke cikin jarkar nan?"

"Darbejiya, tafarnuwa da barkono, Na'ana'ata. Ƙwarin suke kora. Motsa bakin, shuka nake ƙirgawa. Ke kam addu'a kawai na yi."

Ba ta yarda a baki ba. A gaban Baba ta daka haɗin da hannunta, ta fesa wa rabin lambun, ta bar rabi. Bayan sati uku ɓangaren da ta fesa ya yi sabon toho sumul, ƙamshi har zaure, ɗayan kuwa ya ƙanƙance.

Baba ya daɗe a tsugune. "To, na ga maganin ƙwari. Ita wannan mai leƙen waya fa?"

"Sai ɗaurin aure, Malam," in ji Innar Ni'ima tana dariya.

Ranar ɗaurin auren, da na'ana'ar lambun aka dafa shayin baƙi. Baba ya miƙa wa ango kofi da hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ni'ima na ba ka. Jarkar dai a gidana za ta zauna."