Damin Injiniya

Babu abin da ke kashe aure da wuri irin zargi. A gidan su Auta ma ba a jira an ɗaura auren ba, Gwaggo ta ga gara a fara aikin tun da sauran lokaci.

Ta shigo ana tsaka da gyaran gida saboda baƙin bikin girbi. Inna na kakkaɓe tabarmi, Auta na goge kwanuka, Baba kuwa na wasa laujen da ya gada, wanda ba ya fitowa sai shekara-shekara don 'yan birni su ɗauke shi hoto. Gwaggo, yayar Baba, ta zauna ta ja numfashi irin na mai labarin da ba ta so ta faɗa, ko da yake da gudu-gudu ta zo kada a riga ta.

"Ni dai ba ruwana," in ji ta. "Amma Injiniyanku, kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya shige gidan mai injin niƙa. Ta ƙofar baya!"

Injiniya shi ne saurayin Auta, an sa musu rana bayan biki. Ɗan garin ne, amma tun yana ƙarami kawunsa ya tafi da shi birni. Ya dawo da ƙananan sukudireba ya buɗe shagon gyaran waya da caji, shi ke nan gari ya ba shi digiri kyauta.

"Gwaggo, wataƙila waya ake kiransa ya gyara," in ji Auta.

"Kullum? Wace irin waya ce wannan, mai ciwon shekara? Ba ya shiga da buhu, ba ya fita da gari. Kuma 'yar gidan ta dawo hutu daga makaranta, fara sol, har da gilashi!"

Baba ya ajiye lauje. Shi mutum ne da ba ya ɗaga murya, don bai taɓa ganin buƙatar haka ba.

"Akwatunan lefen da danginsa suka kawo na nan a ɗaki, ba a taɓa ba. In maganar nan gaskiya ce, yadda suka shigo haka za su fita."

Da yamma Injiniya ya zo gaishe ta. Auta ta shimfiɗa masa tabarma nesa fiye da kullum, ta zauna tana duba shi kamar yadda shi yake duba wayar da ta faɗa ruwa. Hannuwansa duk a ƙwarzane, kuma sai susar wuya yake yi.

"Malam, me ya same ka a hannu?"

"Yau kuma ni ne Malam? Aiki ne kawai."

"Yaushe waya ta fara yakushi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me kake yi a gidan mai inji? Ko can netwok ɗinka ya koma?"

"Filis, Auta — ki ba ni zuwa ranar biki. Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To faɗa mini mana!"

"Gara ki yi fushi da ni da ki yi mini dariya."

Ko inuwarsa ba ta gama barin ƙofa ba Gwaggo ta fito daga bayan labule, inda ta ce allura take nema.

"Kin ga hannun? Farce ne, 'yar nan, na san aikin farce! Susar wuyan kuwa alhakinki ne ya fara cin sa."

Washegari Auta ta ɗauki tulu ta bi ta hanyar da babu rijiya. Da idonta ta ga ya waiga dama da hagu ya shige ƙofar bayan. Can sai ta jiyo dariyar budurwa daga cikin gidan, doguwa, har da tafi. Ta dawo da tulu wayam ta faɗa kan gado, ta yi kuka har matashin ya jiƙe. Inna ta zauna gefenta tana shafa mata baya.

"Abin da kika gani, kin gani. Abin da ba ki gani ba kuma, kar ki bari wani ya gano miki."

Ana gobe biki Baba ya kira ta.

"Auta, a mayar da akwatunan?"

Gwaggo ta riga ta aro baro, yana jingine a zaure. Auta ta dubi baron, ta dubi ƙasa. Dariyar nan na nan a kunnenta.

"Baba, ku yi haƙuri. Ya roƙe ni zuwa gobe, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. In gobe ta wuce bai wanke kansa ba, ni da kaina zan tura baron."

"Yaran yanzu!" in ji Gwaggo. "A nuna musu rami su ce bari su auna zurfinsa."

Ranar biki filin makaranta ya cika. An jera tsofaffin garemani da duwatsun niƙa, 'yan birni na layin hoto da wani jaki da bai san ya zama tarihi ba. Auta ba ta ga komai ba. Idonta na kan 'yar mai inji, wadda ta zo ta tsaya kusa da ita ba ko kunya, har da gaisuwa.

Abin da ake rufe biki da shi kowace shekara shi ne ɗaurin dami. Duk saurayin da aka sa wa rana zai fito gaban jama'a, ya tara zangarniyar hatsi, ya ɗaure da igiya, ya ɗauka a ka har gaban surukinsa. Wanda daminsa ya watse a hanya, har ya ga jika ana ba da labari. A garin kuwa yaro na iya ɗaurin dami kafin ya iya ɗaurin wando, saboda haka babu wanda ya taɓa tunanin akwai mai buƙatar koyo.

Samari suka durƙusa, Injiniya a ƙarshen layi yana zufa. Sauran sun ɗaure sun miƙe, shi yana kokawa da igiya. Aka fara ƙus-ƙus. Sai wata murya mai rawa ta tsaga taron.

"Gwiwa, ɗan banza! Na ce ka danne da gwiwa kafin ka ja! Sau nawa zan faɗa?"

Kowa ya juya. Tsohuwa ce, uwar mai inji, ta miƙe dogare da sanda tana nuna Injiniya da ɗan yatsa.

'Yar mai inji ta riƙe ciki. "Wayyo, ya sake mantawa! Anti, ki yafe mini, ya sa mun rantse. Kullum Iya sai ta zane shi da kara. Igiyar gidanmu kaf ya tsinke, har ta shanya!"

Auta ta dubi hannuwansa, ta tuna kaifin ganyen hatsi da ƙaiƙayin da ke shiga wuya. Ta so ta yi kuka, sai ga dariya ta riga fitowa — ainihin abin da bawan Allah yake gudu.

Injiniya ya danna gwiwa, ya ja, ya ƙulle. Ya ɗora damin a ka yana tangaɗi, ya taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya sauke gaban Baba. Shi ne na ƙarshe, da tazara mai yawa. Baba ya zagaya damin, ya ja ƙullin, ya sa ƙafa ya tura.

"Ɗaurin ba kyau," in ji shi. "Amma ya riƙe."

Inna ta rangaɗa guɗa. Injiniya ya saci kallon Auta.

"Na ce za ki yi dariya."

"Sori," ta ce, ba ta daina ba.

An ɗaura aure a ranar da aka sa, baron kuma da shi aka kai kayan amarya. Darasin a fili yake: ido na ganin shigar mutum gida, ba ya ganin abin da ya kai shi, kuma wanda ya iya haƙurin kwana ɗaya kafin ya yanke hukunci ya tsira daga nadamar shekaru. Auta ta riƙe wannan, shi ma Injiniya ya gane cewa ɓoye ƙaramar kunya kan jawo babbar fitina.

Gwaggo dai ta ce ita har yanzu hankalinta bai kwanta ba, don ta lura da irin kallon da uwar mai inji ke yi masa. Tsohuwar ba ta gani sosai tun bara.